Abin da Tsuntsun Tsakar Gida Ke Faɗa wa Manomin Yauri

A ƙarshen bazara, a garuruwan da ke gefen Tafkin Kainji, tun daga Yelwa da Birnin Yauri har zuwa Wara da ƙauyukan Shanga, akwai abubuwan da kusan kowane gida yakan gani. Ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa, waɗanda a da ba sa barin daji, sai ga su sun cika gindin turmi suna ƙwace tsaki a bakin kaji. Wani ɗan tsuntsu ya kafa wa madubin babur kahon zuƙa, yana sarar sa da baki tun hantsi har azahar. Kabare ya watse daga bishiyar da ya shekara goma yana saƙa a kanta, ya koma wata a ƙofar gidan maƙwabci.

Iri biyu ne martanin da aka fi yi wa waɗannan abubuwa. Wasu su ce turo shi aka yi, a nemi tsari. Wasu kuma su kaɗa hannu su kore shi, su ci gaba da sha'aninsu. Ra'ayina shi ne duka biyun asara ce. Sauyin halin tsuntsu a tsakar gida labari ne na abin da ke faruwa a daji da fadama, kuma shi ne labari na farko da yake isowa gari, makonni kafin ɓarna ta bayyana a gona. A yankin da shinkafa da gero da dawa suke rufin asirin jama'a, barin wannan labari yana wucewa ba tare da an rubuta shi ba sakaci ne da ake biyan kuɗinsa da buhunan hatsi.

Tsuntsu ba ya sauya hali a banza

Mu fara da wanda ke sarar madubi, domin shi ya fi jawo camfi. Idan damina ta kusa, namijin tsuntsu yakan keɓe wa kansa wani fili ya hana kowane namiji ɗan jinsinsa shiga. Da ya hangi kansa a madubi ko gilashin taga, abokin gaba ya gani, wanda kuma ba ya gudu komai sara. A rufe madubin da tsumma, faɗa ya ƙare. Abin da halin nasa ke nunawa shi ne lokacin sheƙa ya kama, kuma sheƙar tana kusa.

Haka mulufi. Duk tsawon rani namijinsa ba shi da maraba da macen: launin busasshiyar ciyawa, ba mai kallonsa sau biyu. Da ruwa ya zauna sai ya sake gashi, ya fito ja wur da baƙi wuluk, ya riƙa kumbura jiki yana shawagi a kan dogayen ciyayi da karan dawa don ya jawo mata, waɗanda yakan tara fiye da ɗaya a filinsa. Yaro yakan ɗauka baƙon tsuntsu ne ya zo da damina, alhali yana nan tun rani, riga kawai ya sauya. Ranar da aka fara ganin jan mulufi a gari alama ce ta inda damina ta kai a jikin ciyawa.

A Amurka akwai wani baƙin tsuntsu mai jan kafaɗa da ke zaune a fadamu kamar mulufi, yake kuma shiga gonakin masara da shinkafa garke-garke. Lokacin sheƙarsa yakan kai wa masu wucewa sura a ka, har jaridu su ɗauki labari. A daren 31 ga Disamba 2010, dubban irin waɗannan tsuntsaye suka faɗo matattu a kan tituna da rufin gidaje a wani ƙaramin gari mai suna Beebe a jihar Arkansas. Nan take aka shiga maganar tashin duniya. Da likitocin dabbobi suka duba gawarwakin, sai suka tarar da raunin karo a jikinsu: ƙarar wasan wuta na sabuwar shekara ce ta firgita su daga makwancinsu cikin duhu, su kuwa ba sa gani da dare, suka yi ta karo da gine-gine da bishiyoyi. Abin da ya warware al'amarin shi ne mutanen garin sun iya faɗin lokacin da suka ji ƙara da lokacin da tsuntsayen suka fara faɗowa.

Jan-baki, da abin da yake nunawa kafin ya sauka

Tsuntsun da sauyin halinsa ya fi shafar aljihun manomi a ƙasarmu shi ne jan-baki, wanda masana ke kira kwiliya. Nauyinsa kimanin giram 20 ne, amma ana ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi bayan ƙyanƙyasa, har ana ganin babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Ƙiyasin da aka saba aiki da shi shi ne kowane ɗaya yana cin kimanin giram 10 na ƙwaya a rana. Ke nan garke mai tsuntsu miliyan ɗaya zai ci tan 10 a wuni guda, wato buhu 100 masu nauyin kilo ɗari-ɗari, ban da wanda ya kakkaɓe ƙasa.

Wani masani Bature mai suna Peter Ward ya yi shekaru yana nazarin jan-baki a arewa maso gabashin Nijeriya, wajajen Tafkin Chadi, ya kuma wallafa sakamakon bincikensa a 1965 da 1971. Abu biyu da ya gano sun shafe mu. Na farko, asalin abincin jan-baki 'ya'yan ciyayin daji ne, irin su sabe da shinkafar daji. Yana juyowa gona ne sosai idan waɗannan suka yi ƙaranci. Na biyu, mafi tsananin yunwarsa tana zuwa ne da ruwan farko. Duk rani yana tsintar 'ya'yan ciyawa da suka zube a ƙasa, da ruwa ya sauka kuwa sai su tsiro gaba ɗaya, abinci ya ɓace masa cikin kwanaki kaɗan. Daga nan sai ya yi ƙaura zuwa inda ruwa ya riga ya sauka da makonni, inda ciyawa ta soma fitar da sabon iri, sa'an nan ya biyo damina ya koma arewa ya yi sheƙa.

Mai karatu zai ga inda wannan ya dosa. Ruwa yakan riga sauka a ƙasar Yauri kafin Sakkwato da kudancin Nijar. Saboda haka idan aka ga ƙananan tsuntsaye masu jan baki sun yi dafifi a masussuka da bakin rumbu bayan ruwan farko, sun kuma rage tsoron mutum, yunwa ce ta koro su, kuma duk gonar da ke da ƙwaya a kai a wannan lokaci tana cikin haɗari.

Akwai wata alama da ta fi wannan bayyana. Idan lokacin haihuwa ya zo, namijin jan-baki yakan yi baƙar fuska kamar ya ɗaura takunkumi, ita kuma macen bakinta yakan rikiɗe daga ja ya koma rawaya. Wanda ya ga haka, ya kuma ga suna ɗauke da ɗanyar ciyawa a baki, ya san ana kafa sheƙu a wani kurmin ƙaya da ba shi da nisa. Lokaci kuwa gajere ne: sheƙa takan kammala cikin kwana biyu zuwa uku, ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana goma, kuma cikin mako shida an gama komai, sabbin tsuntsaye sun fito neman abinci. Waɗannan sababbin, da iyaye suka tafi suka bari, suna cikin waɗanda suka fi afka wa gonakin da ke kusa.

Sai kuma a san cewa ba kowane ƙaramin tsuntsu mai launin ƙasa ne jan-baki ba. Yana da ɗan'uwa mai jan kai wanda ya fi son wurare masu dausayi, yake kuma cin shinkafa. Ga kabare, wanda ke zaune cikin gari yana ɓarnar masara da dawa a gonakin bayan gida. Ga mulufi da rani. Kowanne da inda yake kwana da yadda ake maganinsa, kuma wanda bai bambance su ba zai kai rahoton da zai sa a kashe kuɗi a inda bai kamata ba.

Abin da tafki da noman rani suka sauya

Dattawan Gungawa da Kambari da Shangawa sun san tsuntsayen kogin Neja tun kaka da kakanni, amma ƙasar da suka gada ba ita ce ta yau ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in zuwa sababbin matsugunai. Tafkin da ya samu yana cika yana ja da baya kowace shekara, idan ya janye kuma sai ya bar fili mai laima wanda ciyawa ke rufewa, manoma kuma suke bi da shuka. Ga tsuntsu mai cin ƙwaya wanda dole ya sha ruwa kullum, wannan wuri ne da ya haɗa masa ruwa da abinci da makwanci.

Bayan haka noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Jihar Kebbi, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Alheri ne babba, amma yana da wani gefe da ba a cika faɗa ba. Shinkafar rani tana nuna ne a watannin da daji ya bushe ƙurmus, daidai lokacin da abincin jan-baki ya yi ƙaranci. Wanda ya yi jinkirin dashe, shinkafarsa ta kai har ruwan farko ba a yanke ba, ya shimfiɗa wa tsuntsu tabarma a ranar da ya fi jin yunwa.

An ga irin wannan a wani wuri. A dausayin Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsun Tiga da Challawa, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, jan-baki kuma ya sami mafakar da mutum ba ya iya shiga. Manoman can sun daɗe suna kuka da haɗuwar waɗannan biyu. Darasin shi ne duk inda aka sauya tafiyar ruwa, halin tsuntsu zai sauya, kuma ilimin da aka gada yana bukatar a sabunta shi da sabon lura.

Jirgi yakan zo bayan an ci

Hanyar da hukuma ta fi dogaro da ita ita ce feshi da jirgin sama. Kebbi tana cikin jihohin kan iyaka da ake yi wa wannan aiki, kuma kusan kowace shekara ana jin koken manoman shinkafa na fadamar Argungu da Augie. Feshin yana da sharaɗi guda: sai an san takamaiman wurin da tsuntsayen ke kwana ko suke sheƙa, domin da magariba ake yi, sa'ad da suka taru. Jirgi ba ya farautar garke da rana. Idan babu wanda ya kai labarin makwanci da wuri, kafin a rubuta takarda, a amince da kuɗi, a ɗauko jirgi, tsuntsu ya ci ya tashi.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi, fentiyon, guba ce da ba ta zaɓe. Tana kashe shirwa da shaho da sauran masu cin gawar tsuntsayen da aka fesa, tana illa ga ƙwari masu amfani da halittun ruwa, kuma akwai haɗari ga mutanen da ke tsince matattun tsuntsaye su soya. A bakin tafkin da dubban masunta ke ci daga gare shi, feshi bisa kuskure ba ƙaramin abu ba ne. Sahihin rahoto yana rage yawan wuraren da za a fesa. Yana kuma buɗe wata ƙofar: a Chadi, masu tarko sun daɗe suna kama jan-baki da raga a makwancinsa da dare, su soya su kai kasuwar Njamena. Wanda ya san makwanci da wuri yana da zaɓi fiye da ɗaya.

Kafin jirgi ya zo kuwa, kowa ya san wanda ke tsaron gona: yara ne, da gwangwani da majajjawa, tun asuba har faɗuwar rana, na tsawon makonni daga lokacin da shinkafa ta fara madara har a yanke ta. Waɗannan makonni daga lokacin makaranta ake cire su, boko da allo.

Abin da rubutu ke yi

Ranar Kirsimeti ta shekarar 1900, wani masanin tsuntsaye a Amurka mai suna Frank Chapman ya roƙi mutane su fita su ƙirga tsuntsaye maimakon gasar harbinsu da aka saba yi a ranar. Mutum 27 suka amsa. Har yau ana wannan ƙirga kowace shekara, kuma yawancin masu yin ta ba masana ba ne. Da irin waɗannan bayanai na 'yan sa-kai masana suka nuna a 2019 cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan uku tun daga 1970, ciki har da miliyoyin baƙin tsuntsun nan mai jan kafaɗa, wanda saboda yawansa ba wanda ya zaci yana raguwa.

Mu ma muna da namu misalin, sai dai na rashin rubutu ne. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tashi ya ga ungulu jibge a mahauta da kan rufin kasuwa. Yau a garuruwa da yawa yaro zai girma bai taɓa ganin ta ba. A 2015 aka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. A tambayi mahautan kowane gari shekarar da ta daina zuwa, za a ji amsoshi mabambanta, domin kowa ya gani amma ba wanda ya rubuta. Da an rubuta, da an gane da wuri, tun ana iya yin wani abu game da guba da cinikin sassan jikinta.

An soma gyara wannan giɓi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda matasa 'yan sa-kai ke zagayawa suna rubuta abin da suka gani ta wayar hannu. Aiki ne mai kyau, amma baƙon da ya kwana biyu a gari ba zai ga abin da matar gida ke gani kullum a gindin turminta ba.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Za a ce manomi ba shi da lokacin kallon tsuntsu, da yawa kuma ba sa rubutun boko. Amsa ita ce kallon yana yin sa ko an ce ko ba a ce ba. Wanda ke duba sama don ya ga hadari, yake kuma jiran isowar shamuwa kafin ya gyara gona, ba sai an koya masa lura ba. Abin da ya rage shi ne adanawa, kuma saƙon murya a waya ko layi biyu da ajami sun wadatar.

Za a ce ganin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake maganar tarawa. Tsuntsu ashirin a gidan mutum ɗaya ba su nuna komai ba. Amma idan ƙauyuka goma suka ba da labari iri ɗaya cikin mako guda, magana ta tabbata. Jan-baki yakan koma makwancinsa da yamma a jere, kamar hayaƙi a sama, ta hanya ɗaya kullum. Idan mutanen ƙauyuka uku suka faɗi inda jerin ya nufa daga wurinsu, wanda ya ɗora layukan uku a taswira zai ga inda suka haɗu, makwancin yana wajen.

Za a kuma ce wannan aikin ma'aikatan gona ne. Haka ne, amma su nawa ne, kuma daji nawa za su iya shiga? Tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, ba wanda ke bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa ma'aikaci zai yi nauyin ƙafa wajen kutsawa kurmi da magariba neman makwancin tsuntsu. Rashin tsaro ya ƙara wa abin da ake gani daga cikin gari daraja.

Abin da ya kamata a yi

Tsarin da ake bukata yana nan tun da daɗewa: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa fadar Sarkin Yauri, ga kuma ƙungiyoyin manoman shinkafa da sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. A kowace gunduma a sami mutum guda, malamin makaranta ko malamin gona, mai littafi ɗaya da lambar waya da kowa ya sani. Abu huɗu kawai za a riƙa gaya masa: ranar da aka gani, wurin, kamannin tsuntsun, da abin da yake yi ko inda ya nufa. Shi kuma ya miƙa wa ma'aikatar gona ta jiha duk mako, daga watan Fabrairu har a gama girbin damina. Makarantun firamare za su iya riƙe nasu littafin: ranar isowar shamuwa, ranar da mulufi ya yi ja, ranar da kabare ya fara saƙa. Bayan shekara biyar wannan littafi zai nuna wa gari yadda damina ke matsawa fiye da yadda tunanin kowane dattijo zai iya riƙewa.

Abu ɗaya ne ba ya jiran mako. Idan aka wayi gari aka ga tsuntsaye da yawa matattu, na daji ko na gida, kada a taɓa su da hannu, kada a ci, kada a bar yara da kaji kusa da su, a sanar da likitan dabbobi a ranar. Ko guba ce ko cuta. An fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya ne a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu 2006, kuma tun daga lokacin tana komowa.

Nauyin da ke kan hukuma shi ne ta amsa. Manomin da ya kai rahoto sau biyu bai ga kowa ba, ba zai kai na uku ba. Idan ma'aikatar gona za ta iya ware kuɗin hayar jirgi da sayen guba, za ta iya ware ɗan abin da zai sayi littattafai da katin waya da man babur ga mutum guda a kowace gunduma, ta kuma riƙa mayar wa manoma da labarin abin da aka tara, domin su san lokacin da ya dace su gaggauta yanka ko su haɗa lokacin dashe. Masu lura suna nan a kowane gida a ƙasar Yauri. Abin da babu shi ne wanda zai karɓi abin da suka gani ya rubuta.